Motar iyali a Kongolam: A ƙirga yara kafin a ƙirga kuɗi

Idan magidanci a Kongolam ko Mai'aduwa ya yi niyyar sayen mota, tambayoyin da yake yi wa dillali sanannu ne. Yaya shan manta? Injin lafiya lau? An taɓa yi mata fenti? Ana samun kayan gyaranta a Daura, ko sai an aika Kano?

Duk tambayoyi ne masu kyau. Sai dai akwai guda ɗaya da ba kasafai ake jin ta a wurin cinikin mota ba, alhali ita ya kamata ta zo a farko: ina yaran za su zauna, kuma me zai riƙe su idan aka taka burki da ƙarfi?

A jihar Katsina wannan tambaya tana da nauyi fiye da a wurare da yawa. Binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi macen Katsina tana haihuwar yara 7.3, adadi mafi yawa a Najeriya a lokacin, yayin da na ƙasa baki ɗaya yake 5.3. Ke nan gidan da ke da yara uku ko huɗu 'yan ƙasa da shekara goma a lokaci guda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Daura. Idan gidan mata biyu ne, lissafin ya ƙaru.

Motar da aka ƙera don mutum biyar kuwa bel biyar ne a cikinta. Duk wanda ya shiga bayan na biyar, babba ne ko jariri, ba abin da ke riƙe da shi. Don haka mai sayen motar iyali ya kamata ya fara da yawan mutanen gidansa, sannan ya nemi motar da kujerunta da bel ɗinta suka kai wannan adadi. Launi da kyan fitila su biyo baya.

Cinyar uwa ba ta riƙe yaro

Abin da aka saba gani a hanyar Daura zuwa Kongolam shi ne maigida a sitiyari, uwargida a gefensa da jariri a cinya, sauran yara a baya, wani a tsaye tsakanin kujerun gaba yana kallon hanya. Uwar tana ganin babu wurin da ya fi hannunta tsaro. A gida haka ne. A cikin mota mai gudu lissafin daban yake.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo da abu tsayayye, bugun da mutanen ciki za su sha daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Motar ta tsaya, amma duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da gudun da ake yi. A wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, yaro mai kilo goma yana iya fizgar hannun mai riƙe da shi da ƙarfin da ya kai na kilo ɗari uku, nauyin buhu uku na masara. Babu hannun da zai riƙe wannan.

Idan uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse yaron a jikin gaban mota. Idan ta haɗa kanta da shi a bel ɗaya, nauyinta zai danne shi a jikin bel ɗin. Idan kuma motar tana da jakar iska a gaba, jakar tana fashewa ne da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babban mutum, ba kan jariri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi ba. Hukumar ta kuma ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, bel kuma yana rage mutuwar mutanen cikin mota da kusan rabi.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1959 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fara sanya bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙira. A 1964 wani malamin jami'a a ƙasar, Bertil Aldman, ya fito da kujerar yaro mai kallon baya. Dalilinsa mai sauƙi ne: kan ƙaramin yaro yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, wuyan ne ke ɗaukar nauyin. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya.

Hanya na gyaruwa, gudu na ƙaruwa

Kongolam tana bakin iyakar Najeriya da Nijar ne, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura ta tsallaka zuwa Matamaye da Damagaram. Hanya ce ta manyan motoci da motocin dabbobi, musamman ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci. Kamfanin BUA ya karɓi aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kongolam, mai tsawon kilomita 132, ta zama tagwaye, a ƙarƙashin tsarin gina hanya a madadin haraji.

Raba hannun zuwa da na dawowa yana rage karon gaba da gaba, kuma wannan alheri ne babba. Amma hanya mai santsi tana sa ƙafar direba nauyi a kan totur. Idan gudu ya ninka, ƙarfin bugu yana ninkawa sau huɗu. Karo a kan gudun kilomita 100 kamar faɗowa ne daga mita arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu.

Ga shi kuma hanyar tana ratsa garuruwa, da 'yan acaɓa, da amalanken shanu, da awaki masu tsallakawa ba sallama. Direba mafi natsuwa ma wata rana zai taka burki ba shiri. Wannan ranar ake saya wa kujera.

Salun, wagon ko mai layi uku?

Mutanen Arewa sun daɗe da sanin doguwar motar iyali. Fijo 504 wagon, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975, ita ce ta yi shekaru tana kai amare da alhazai da 'yan makaranta. Bayanta aka ga Golf 3 wagon da Fijo 406 wagon, sannan Sharan da Galaxy, sai kuma Sienna. Kowace tana da amfaninta, kuma kowace tana da iyakarta.

Salun irin Corolla ko Camry ta fi sauƙin mai da gyara, kuma kowane bakanike ya san ta. Ta dace da gidan da ke da yara biyu. Da zarar an ɗaura kujerun yara biyu a baya, abin da ya rage a tsakiya ba ya isar babban mutum ya yi tafiyar Kano.

Wagon tana ruɗar mutane. Ana ganin tsawonta a ɗauka ta fi ɗaukar mutane, alhali galibi kujerunta biyar ne kamar na salun ɗin da aka ƙera ta a kai, kuma faɗin kujerar bayan ɗaya ne. Abin da ta ƙara shi ne wurin kaya. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai tafiya da buhun gero da kayan yara. Matsalar ita ce but ɗin wagon a buɗe yake, don haka sai a shimfiɗa tabarma a zuba yara a ciki. Wannan wuri an ƙera shi ne ya lanƙwashe ya shanye bugu idan aka daki mota ta baya. Yaron da ke zaune a can yana zaune ne a inda aka tsara ya murƙushe. Kayan da aka tula a but kuma, idan sun wuce tsayin kujera ba a ɗaure ba, kan yara za su faɗo idan aka tsaya kwatsam.

Gidan da ke da yara uku zuwa biyar, mota mai layi uku ce tasa. A nan ma akwai bambanci. Ƙananan irin Zafira suna da kujeru bakwai, amma idan aka ɗaga na ƙarshe wurin kaya ya kusan ƙarewa, kuma masu zama a can suna dab da ƙofar baya. Sharan da Galaxy da Alhambra suna da kujeru ɗaiɗai a layin tsakiya, abin da ke sa a iya jera kujerun yara uku ba tare da sun hau juna ba. Sienna ta shekarun 2004 zuwa 2010 tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, tana da rami mai zurfi na kaya a bayan layi na uku, kuma ƙofofinta na gefe ja ake yi. Wannan ƙofa tana da amfani biyu: sanya yaro a kujera ya fi sauƙi, kuma yaro ba zai banka ta a gaban ɗan acaɓa ba.

Abin da ke korar mutane daga Sienna shi ne mai. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.3 a na farkon waɗannan shekaru, lita 3.5 daga 2007. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 wannan ya zama abin dubawa da gaske. Amma gara a yi lissafin da a tsaya ga jin tsoro. A takarda, Sienna tana shan kimanin lita 12 a kilomita ɗari, Corolla kuma kimanin lita 8. Zuwa Kano da dawowa daga Kongolam kilomita 264 ne, wato kimanin lita 32 a Sienna, lita 21 a Corolla. Bambancin lita goma sha ɗaya ne. Mai gida ya san sau nawa yake wannan tafiya a wata, ya san kuɗin lita a ranar. Shi zai auna ko wannan bambanci ya kai a cusa mutum takwas a motar mutum biyar.

Masu tunanin mayar da mota mai amfani da iskar gas su ma su tuna cewa tukunyar gas ɗin a but ake ɗaura ta, kuma tana cin wurin kaya, wani lokaci har da wurin naɗe layi na uku. Su kuma tabbatar akwai inda za su riƙa shan gas ɗin a hanyar da suke bi.

A je wurin ciniki da awo

An saba mai saye ya tafi da bakanike ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya kamata a ƙara minti goma a kujerar baya.

Na farko, a ƙirga bel, a ja kowane ɗaya a gani. A fizge shi da ƙarfi: idan bai kulle ba, ya mutu. A tabbatar makullinsa yana nan, domin a motocin da suka yi haya sau da yawa an tura makullan ƙarƙashin kujera ko an yanke su. A duba na tsakiya da kyau. Motoci da yawa na shekarun 1990 bel ɗin ƙugu kawai gare su a tsakiya, babu na kafaɗa. A Amurka ma sai a 2007 aka kammala wajabta bel mai kafaɗa a tsakiyar kujerar baya. Bel ɗin ƙugu kaɗai yana barin yaro ya lanƙwashe, kansa ya bugi gaba, bel ɗin kuma ya nutse masa a ciki.

Na biyu, a cusa hannu tsakanin mazauni da majingina a nemi wasu ƙananan ƙarafa biyu. Su ne maƙalan kujerar yara, waɗanda ake kira ISOFIX a motocin Turai, LATCH a na Amurka. Volkswagen ce ta fara fito da su a Golf 4 a 1997. Amurka ta wajabta su daga Satumban 2002, Tarayyar Turai kuma ta wajabta su ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Saboda haka kusan duk motar Amurka da aka ƙera bayan 2002 tana da su, amma tsohuwar motar Turai sai an duba. Amfaninsu shi ne kujerar tana maƙalewa a jikin ƙarfen mota kai tsaye, kuma kuskuren ɗauri ya ragu. Motar da ba ta da su ba a yar da ita ba: kujerar da aka ɗaure da bel yadda ya kamata tana aiki. Sharaɗin shi ne idan aka girgiza ta daga gindi kada ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu.

Na uku, a auna faɗi. Kujerar yaro ɗaya tana cin kusan santimita 45, uku ke nan suna neman kusan santimita 135 na wuri mai amfani, tsakanin ƙofa da ƙofa. Tef ɗin tela ya isa wannan aiki. Wanda ya riga ya sayi kujerun ya tafi da su ya gwada a gaban dillali. Kujera mai kallon baya tana kuma buƙatar fili ta gaba, don haka a ɗaura ta, sannan direba ya zauna ya ga ko ƙafarsa ta samu wuri.

Na huɗu, a gwada ɗan makullin da ke gefen ƙofar baya wanda ke hana a buɗe ta daga ciki. Yawancin motoci suna da shi, kuma masu motoci da yawa ba su taɓa taɓa shi ba.

Kujerar kanta matakai gare ta. Jariri yana zama a mai kallon baya. Ƙa'idar Turai ta yanzu ta ce aƙalla har wata goma sha biyar, likitocin yara kuma suna ba da shawarar a wuce haka muddin kujerar tana ɗaukarsa. Daga nan sai mai kallon gaba mai maɗaurinta. Idan ya girme ta sai matashin ɗagawa, wanda ke ɗaga yaro har bel ɗin mota ya bi ta kafaɗarsa da ƙashin ƙugunsa, ya bar wuya da ciki. A Ingila doka ta ce sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya bar wannan mataki. Kujera mai kallon baya kuwa ba a taɓa sanya ta a gaba inda jakar iska ke aiki.

Takarda da tarihin mota

Zama a bakin iyaka yana da nasa jarabawar. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa. Duk da haka ana samun motar da ta biyo ta ɓarauniyar hanya, farashinta ƙasa da na kasuwa, takardarta kuma ta bogi ko babu. Araha ba ta ado. Motar da kwastam za su iya tsarewa a hanya, a sauke mata da yara a rana da kayansu, ba motar iyali ba ce komai kyanta. A kai takardar fito ofishin kwastam a tantance ta kafin a biya kuɗi, a kuma tabbatar lambar shasi da ke takarda ita ce ke jikin mota.

Wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 17 tana da wani amfanin. Motocin Amurka da yawa da ke shigowa Afirka ta Yamma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su. A gyara bodi a fesa fenti, amma jakar iskar da ta fashe ba a mayar ba, sai a rufe wurin a cire ƙwan fitilar gargaɗi. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Da lambar shasi ana iya bincika tarihin motar Amurka a intanet ta waya, har da ko tana cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalatawa har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Motocin Toyota da Honda da dama na shekarun 2000 suna cikin wannan kiranye.

A kuma guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kuma sauyin da ake yi a gareji yana taɓa sitiyari da burki da jakar iska a lokaci ɗaya.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Alƙaluma huɗu ne a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi da mota cike da mutane ita ce hanyar da ta fi kusa zuwa fashewa.

Zafin Afrilu

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Daura yana haura digiri 40. Mota a rufe tana iya ƙara kusan digiri 11 a cikin minti goma, kuma jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba sau uku zuwa biyar. Yaron da ke ɗaure a kujera mai soso a layi na uku, inda tagar ba ta sauka, yana buƙatar iska ta kai gare shi. Don haka a mota mai layi uku na'urar sanyi ta baya ba kayan ƙawa ba ce. A kunna ta a wurin ciniki, a zauna a can baya a ji.

Ba a barin yaro a mota ko da na shiga shago ne a fito. Motar da ke ajiye a ƙofar gida kuma a kulle ta, a ɗauke makullin daga inda yara ke kaiwa. A Disamban 2021 an tsinci gawar yara takwas a cikin wata mota da ke ajiye a Badagiri ta jihar Legas.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko shi ne tsada, kuma gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Mafi yawan gidaje a Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu ba su da mota ma, babur ne abin hawansu. Amma maganar nan ta wanda ya iya tara miliyoyi ne ya sayi mota. Irin wannan mutum yakan ware kuɗin la'ada da na lamba da na sabon rediyo da baƙin gilashi. Kujerun yara su shiga wannan lissafi tun farko. Idan kuɗin bai kai ba, a sauko da shekarar motar ko a haƙura da kujerun fata. Kujera ɗaya kuma ba yaro ɗaya take yi wa aiki ba. A gidan da ake haihuwa bi da bi, yaya yana tashi ƙane yana hawa.

Wanda zai sayi ta gwanjo ya duba ranar ƙira a jikinta, domin masu ƙerawa kan ba ta shekara shida zuwa goma, kuma robar da ta sha rana tana tsagewa. Ya tabbatar maɗaurinta da makullinta cikakku ne kuma babu tsaga. Wadda aka san ta taɓa shiga mummunan haɗari ba a sake amfani da ita.

Na biyu shi ne cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Babu mai musun wannan. Amma mutumin da ke faɗar haka yana kulle shagonsa da dare, yana kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya kama shi, yana duba ruwan lagireto kafin ya kama hanya. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Yaro amana ne, kuma shi ba shi da bakin zaɓar inda za a zaunar da shi.

Na uku ba a cika faɗarsa a fili ba. Kujerar gaba kujerar girma ce. Uwargida ba ta son a ce an mayar da ita baya, a gidan mata biyu kuwa wa zai zauna a gaba magana ce mai zaman kanta. Jariri kuma yana bin uwarsa duk inda ta zauna. Wannan maigida ne zai warware shi, kuma hanyar ita ce ya sa doka ɗaya ga kowa: yaro a baya yake zama, a kujerarsa. Mai shayarwa ta zauna kusa da shi, idan ya nemi nono a tsaya a gefen hanya. Zai fi sauƙi idan an shawarci matan tun kafin a sayi motar, tunda su ne suka san wane yaro ke amai a tafiya, wane ne ba ya zama wuri ɗaya.

Na huɗu, a ce yaro zai yi ta kuka. Wanda aka fara sanyawa tun yana jariri yana sabawa. Wanda ya girma yana yawo a mota zai yi tirjiya na 'yan kwanaki, musamman idan yana ganin babansa bai ɗaura nasa ba.

Akwai kuma masu cewa ai tafiyar ba nisa, daga gida ne zuwa Islamiyya ko zuwa kallon hawan Sallar Gani a Daura. Gudun kilomita 50 da aka yi lissafi da shi a sama gudun cikin gari ne.

Abin da ya rage wa hukuma

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun Janairun 2003, kuma ta sha nanata cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama. Amma a shingen hanya idon jami'i yakan tsaya ne a kan direba da takardunsa. Ita da hukumar KASSAROTA ta jihar Katsina za su iya fara da abin da ba ya buƙatar tara: a tsayar da mota, a roƙi a mayar da yaro baya, a yi bayani da Hausa. Tara ta biyo baya idan an ga kujerun sun samu a kasuwa.

Samuwar ita ce babbar matsala. Muddin sai an je Kano ko an yi oda ta waya kafin a ga kujerar yaro, kaɗan ne za su saya. Dillalan motoci na Daura da Katsina za su iya ajiye su a wurin sayar da mota, su koyi ɗaura su, su haɗa da ciniki. Asibitocin da ake awon ciki da haihuwa za su iya sanya maganar a cikin bayanin da ake yi wa masu juna biyu, tunda tafiyar farko ta jariri a mota ita ce ta komawa gida daga asibiti. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura kuwa tana da abin bincike a ƙofarta: yara nawa ne ke tafiya a ɗaure a wannan hanya, kuma me ke hana iyayensu.

Kafin duk wannan ya tabbata, hukuncin yana hannun mai saye. Ya rubuta sunayen mutanen gidansa da shekarun kowane yaro, ya ƙara wuri ɗaya saboda mai zuwa, ya sa tef a aljihu. Motar da bel ɗinta bai kai wannan adadi ba, ya bar wa wani ita, ko da dillali ya rantse ba a taɓa buɗe injinta ba.